Kafin a Kira Ku Dakta: Nasiha ga Masu Neman Digiri na Uku a Ilimin Halayyar 'Yan Makaranta

A 'yan shekarun nan da yawa daga cikinku, malaman firamare da na sakandare da ke nan Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Unguwa Uku, kun kammala digiri na biyu a fannin ilimi, hankalinku kuma ya koma kan na uku, wato digirin digirgir. Mu da muka riga ku riƙe alli muna murna da haka ƙwarai. Sai dai tambayoyin da na fi ji daga bakinku guda biyu ne. Shekara nawa ake yi? Kwasa-kwasan nan na farko dole ne sai an zauna musu, ko akwai yadda mutum zai zarce kai tsaye ya hau rubuta kundi? A kan ta biyun nake so mu ɗan zauna, domin ga wanda ya zaɓi nazarin halayyar yara 'yan makaranta, amsarta ta shafi 'ya'yan mutane.

Mai wannan ilimi shi ne wanda malami zai kamo hannun yaro ya kawo masa, ya ce: wannan shekararsa uku a gabana, har yau ba ya haɗa baƙi. Ko uwa ta zo ta ce 'yarta a da baki abin magana, yanzu ta yi gum, da an ce makaranta sai kuka. Shi zai zauna da yaron ya gwada shi, ya tambayi mutanen gida, ya leƙa aji, sannan ya faɗi abin da ke damun yaron da abin da ya kamata a yi. Maganarsa kuwa nauyi gare ta. In ya ce yaron nan ba zai ja a boko ba, uba zai cire shi ya kai shi gareji ko kasuwa, an rufe wannan babi ke nan. In ya ce lafiya lau alhali akwai cuta, an bar cutar tana ci. Kowane kwas da aka jera muku, saboda ranar da za ku buɗe baki ku yanke irin wannan hukunci aka jera shi.

Da irin wannan ƙorafi na malami ma aka fara sana'ar. A 1896 wata malama a birnin Filadelfiya na Amurka ta kai wa Lightner Witmer, malami a Jami'ar Fensilbaniya, maganar wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa rubuta kalmomi daidai. Da aka bincika sai ga shi har da matsalar ido a cikin lamarin, yaron abu ɗaya yake gani biyu. A wannan shekara Witmer ya buɗe ɗakin duba irin waɗannan yara, na farko irinsa. A 1905 kuma, a Faris, Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da ma'aunin fahimtar yara, da nufin a gane waɗanda ke buƙatar koyarwa ta musamman a taimaka musu.

Zan kawo muku sharuɗɗan Amurka don su ne suka fi rubuta wannan horo dalla-dalla, yadda mutum zai iya ɗauka ya auna nasa. Ƙungiyar masana halayyar 'yan makaranta ta ƙasar, NASP, wadda aka kafa a 1969, ta ce mai neman digiri na uku sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana karatu gadan-gadan, ya tara yunit 90, kuma 78 daga ciki ban da kundi, ban da zaman koyon aiki na ƙarshe. Da yake yawancin kwas yunit uku ne, kun ga ana maganar kwas wajen 26 ke nan. Bayan su sai zaman koyon aiki na awa 1,500, aƙalla 600 a cikin makaranta, a hannun gwanin da zai zauna da ɗalibi ido da ido kimanin awa biyu kowane mako yana duba abin da ya yi. Babbar ƙungiyar masana saikoloji ta ƙasar, APA, ita ma ba ta amincewa da shirin horo sai ɗalibi ya san tarihin fannin, ya san yadda jiki da ƙwaƙwalwa ke juya hali, da yadda tunani da motsin zuciya ke aiki, da matakan girman ɗan Adam, da abin da zama cikin jama'a ke yi masa, sannan dabarun bincike da ƙididdiga da ilimin awo. A Ingila, tun daga 2006, digiri na uku na shekara uku ne hanyar shiga aikin, kuma babban ɓangaren shekara ta biyu da ta uku a fagen aiki ake yin sa, tsakanin makarantu da iyalai.

Mu a nan, ƙofar da aka fi shiga ita ce ta Tsangayar Ilimi. A Jami'ar Bayero akwai nazarin halayyar koyo da koyarwa, akwai ba da shawara da jagoranci, akwai gwaji da awo, ga kuma sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Haka za ku tarar da makamantansu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Fannin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1959 wasu malamai mata na wata kwalejin Katolika a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje don su ba 'yan matan da za su fita shawara kan sana'a. A 1964 aka buɗe sashen saikoloji na farko a Jami'ar Nsukka, a 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci buƙatar masu ba da shawara a makarantu. Tsarin digiri na uku a jami'o'inmu galibi haka yake: ana neman matsakaicin maki 3.5 cikin 5 a digiri na biyu, a yi aƙalla shekara uku, kwasa-kwasai su ci shekarar farko, makin ci kuma 50 ne. Abin da ya rage duk na kundi ne, daga gabatar da ƙudurin bincike zuwa semina, zuwa kare aiki a gaban malaman gida, sannan a gaban mai jarrabawa daga waje.

Wannan tsari yana fitar da mai bincike, yana fitar da malamin jami'a, kuma manyan malamai sun fito ta cikinsa. Amma a ganina, ga wanda zai zauna da yaro ya faɗi makomarsa, kwasa-kwasan shekara guda sun yi kaɗan. To ku duba, ɗan kaɗan ɗin nan shi ne wasunku ke neman tsallakewa. Ni abin da nake roƙonku, ku riƙe wanda aka wajabta muku da hannu biyu, wanda kuma takardar jami'a ba ta wajabta ba amma aikin yana buƙata, ku wajabta wa kanku.

Ku fara da ilimin jiki da ƙwaƙwalwa, wanda ɗan tsangayar ilimi yakan ɗauka na likitoci ne. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a wata firamare da na koyar a yankin nan. A can baya take zama, a ƙasa, jikin bango. Duk ajin an san ta da suna daƙiƙiya, har ita ma ta karɓa. In an yi shifta takardarta fara fat, amma in an rubuta a allo za ta kwafe shi tsaf, lissafin da aka rubuta kuma tana cinye shi. In an kira sunanta ba ta tashi sai ta kalli bakin ta kusa da ita, sannan ta juyo da ɓarin fuskarta na hagu. Wata malama da ta yi karatun masu buƙata ta musamman ce ta lura da wannan juyi, ta kuma lura da wani tabo rawaya a jikin hijabin yarinyar daidai kunnen dama. Da ta ɗaga hijabin, kunnen yana zubar da mugunya, uwar kuma ta ce tun da ta yi ƙyanda haka yake. Aka dawo da ita gaba, aka kai ta wajen likitan kunne. Kafin ƙarshen shekara tana ɗaga hannu a aji. Babu wata dabarar koyarwa ko nasiha ko bulala da za ta yi wa yarinyar nan abin da kallon malamar ya yi mata, kuma kallon nan a aji ta koyo shi.

Irin wannan yana da yawa a ƙasarmu fiye da ƙasashen da aka rubuta littattafan da kuke karantawa. Ga amosanin jini, wato sikila, wanda ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara a Nijeriya. Kowa ya san ciwon ƙashi da yake sawa, amma kaɗan ne suka san yana toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwar yaro, wani lokaci har ɓarin jiki ya shanye, wani lokaci kuma a ɓoye, ba alama sai dai yaron da ke ƙoƙari ya fara mantuwa yana ja da baya. A nan ƙofar gidanku, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, likitoci tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi bincike na shekaru kan auna gudun jini a kan yara masu sikila da na'ura, da ba su maganin hydroxyurea don kare su daga shanyewar jiki. Waɗannan yara suna cikin azuzuwanku. Ga gubar dalma da ta ɓulla a Zamfara a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinare a cikin gidaje: yara aƙalla 400 suka rasu, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ga tamowa, ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, ga wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro kawai zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, malami ya ce ba ya mai da hankali. Ba ku za ku ba da magani ba. Naku shi ne ku gane lokacin da maganar ta bar hannun malami ta koma ta likita, ku rubuta takardar da za ta kai yaron inda ya dace.

Kwas ɗin da nake so ku fi daɗewa a kansa shi ne na gwaji da awo, domin a nan ne aka fi zaluntar yara ba da niyya ba. Kowace mace da ke sayen hatsi a kasuwar Tarauni takan juya kwanon awo ta duba ko an bubbuge gindinsa kafin ta yarda a auna mata. Ma'aunin fahimta ma sai an juya shi an duba. Yadda ake gina shi, ana gwada dubban yara na wata ƙasa, a fitar da matsakaicinsu a ce shi ne 100, daga nan duk yaron da aka gwada da waɗancan yaran ake kwatanta shi. Ma'aunin Wechsler na yara, wanda ya fara fita a 1949 kuma ake ta sabunta shi, da yaran Amurka aka fara daidaita shi, da Turancinsu da abubuwan da suka saba gani. In ka ɗauko shi ka gwada yaron Daurawa, wanda da Hausa yake tunani, ya ci 68, me ka auna? Wataƙila Turancinsa, wataƙila tsoron baƙon da ya zaunar da shi a ofis, wataƙila yunwar da ya fito da ita daga gida. Ko ma'aunin Raven na 1938, wanda zane-zane ne zalla ba kalmomi, yana fifita yaron da ya tashi yana wasa da takarda da fensir.

An taɓa kai irin wannan gaban alƙali. A 1970, a jihar Kalifoniya, aka shigar da ƙara a madadin wasu yara tara 'yan asalin Meziko, waɗanda aka gwada da Turanci aka tura su ajin masu raunin ƙwaƙwalwa. Da aka sake gwada su da harshen Sifaniyanci da suke yi a gida, akasarinsu suka haye makin da aka yanke. Aka ƙare da yarjejeniyar cewa dole a gwada yaro da harshen da ya fi ji. Su can an sami masu kai ƙara. Yaronmu in an yi masa haka babu mai kai ƙara, iyayensa za su ce Dakta ya faɗa, su haƙura. Shi ya sa nake so ku zauna wa wannan kwas har sai kun iya amsa tambaya biyu a kan duk takardar gwajin da ta shigo hannunku: in aka maimaita ta tana ba da sakamako iri ɗaya, kuma abin da aka ce tana aunawa shi take aunawa a wajen yaranmu?

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan girma a wajenmu, ita ce rarrabe yaron da ya kasa koyo da yaron da ba a koya masa ba. Waɗanda suka taɓa yin gwajin karatun ƙananan azuzuwa sun san yadda yake. Kana zaune da yaro a kan benci a inuwa, agogo a hannunka, ka miƙa masa takarda mai layukan baƙaƙe, ka ba shi minti ɗaya ya faɗi sautinsu, kana soke wanda ya kuskure a taka takardar. Sai kalmomin da ba su da ma'ana, don a ga ko haɗa baƙi yake yi ko hadda ce, sai ɗan gajeren labari da tambayoyi. Da aka yi irin wannan gwaji da Hausa a makarantun gwamnati na Sakkwato da Bauchi, akasarin yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, daga baya aka kawo shirin Mu Karanta a jihohin biyu. Ba mai hankalin da zai ce duk waɗannan yara ƙwaƙwalwarsu ce ke da matsala. A nan Kano ma, shirin KaLMA da aka fara a 2019 a Dawakin Tofa da Wudil, bisa dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, raba yara yake yi gwargwadon abin da suka iya, a koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya. Don haka kafin ka laƙaba wa yaro sunan wata larurar karatu, sai ka tabbatar an koya masa da kyau na wani lokaci, 'yan uwansa sun tashi shi bai tashi ba. Kada kuma ku manta da ɗan makarantar allo da ke karanta rubutun Larabci da ajami ba gargada. Wannan ya riga ya iya karatu, baƙaƙen boko ne kawai bai sani ba, kuma gwajin da bai tambaye shi wannan ba ya bar rabin labarinsa a waje.

In da za ku ji tawa, da wasunku sun mai da kundinsu a kan wannan. Ma'auni guda mai inganci da Hausa, wanda aka daidaita da yaran Kano na birni da na ƙauye, maza da mata, zai yi wa malamai amfani shekara da shekaru. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, ya fi raba takardar tambayoyi a makarantu huɗu wahala nesa ba kusa ba, amma irinsa ne ya cancanci digiri na uku.

Wannan ya kawo mu ga ƙididdiga, wadda na san da yawanku saboda gudun lissafi kuka zaɓi fannin ilimi tun farko. Na ga masu kwasar bayanansu su kai shago, a buga musu a manhajar SPSS, a miƙo musu jadawali su manna a babi na huɗu ba su san abin da ke ciki ba. Ranar kare kundi mai jarrabawa daga waje zai tambayi dalilin zaɓen wannan gwaji, a nan ake jin kunya. Amma kunyar ranar ƙarama ce. Wanda bai san ƙididdiga ba, duk wanda ya zo masa da sabon shiri ya ce an gwada ya yi aiki, ba shi da yadda zai tantance, sai ya karɓa ya ɗora wa yara. Ku nemi wanda ya iya, ku zauna kusa da shi da kwamfuta, ku yi da hannunku, ku ɓata ku gyara. Kuma don Allah, takardar tambayoyin da ba ta dawo ba, a rubuta ba ta dawo ba. Kada hannunka ya cike takardar da ka ce yaro ne ya cike.

A Amurka ƙungiyar NASP da na ambata tana son a sami masani guda ga kowane yara 500. Ku da kuke shiga aji guda mai yara fiye da 100 kun san inda muke, kuma gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ko duk ku kun zama daktoci ba za ku ga yara ɗaya bayan ɗaya ku gama ba. Yawancin aikinku ta hannun malamai da iyaye zai bi, shi ya sa kwas ɗin tuntuɓa da ba da shawara yake da muhimmanci a nan fiye da can. Malamin da ke fama da yara 120 da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, in ka shigo masa kamar sufeto ka rasa shi. Ka gaishe shi, ka zauna a bayan ajinsa, ka tambaye shi abin da ya riga ya gwada, sannan ku zaɓi abu ɗaya da zai iya yi gobe da safe da allin da ke hannunsa.

Iyaye kuwa, ku san da wa kuke magana. Uba a zaure zai ba ka izini, amma uwa ce ta san ranar da yaron ya fara tafiya, da zazzaɓin da ya yi yana goye, da abin da yake yi cikin barci. 'Ya'yana mata, a nan kun fi maza dama, ku kuke shiga har ɗaki. Za a ce muku iska ce, za a ce an kai shi ruƙiyya, za a ce sammu ne. Kada ku yi dariya, kada ku yi musu wa'azin boko. Ku saurara har su gama, domin a cikin bayanin nasu alamomin da kuke nema suke. Sannan ku ce a ci gaba da addu'a, a kuma je asibiti ranar kaza. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna wannan hanya tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyuka tare da 'yan uwansu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya yana kuma ba da na asibiti. Ku kuma nemi abin da namu suka bari. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, har ya rarrabe baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke zuwa haka kawai. Malik Badri na Sudan ya fitar da littafi a 1979 a kan tsaka-mai-wuyar da Musulmi masana saikoloji ke shiga in suka haɗiye ra'ayoyin Turawa ba tacewa. Ba lallai ku same su a jerin littattafan kwas ba, ku karanta su duk da haka.

Kwas ɗin ɗa'ar aiki da doka gajere ne, ana raina shi, alhali amana ce tsantsa. Yarinya za ta faɗa maka abin da ba ta faɗa wa uwarta ba. Saurayi zai faɗa maka abin da yake sha, kuma kun san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a garin nan: a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a wannan tsakani kuma ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Abin da aka faɗa maka ba na ɗakin malamai ba ne, ba na majalisar ƙofar gida ba ne, ba kuma na WhatsApp ba ne, ko da ka ɓoye suna, domin unguwa ɗaya muke, kowa ya san kowa. Sai dai in ran yaron ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, a nan shiru ya zama laifi, kuma dole ka san wa za ka kai wa da yadda za ka kai. Ku karanta dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Saura zaman koyon aiki, wanda shi ne giɓi mafi faɗi tsakanin tsarinmu da na waɗanda na ambata. Ba wanda zai hana ku digiri don ba ku yi awa 1,500 ba, saboda haka ku za ku ɗora wa kanku. Allah Ya sa kuna zaune a wuri mai sauƙi. Asibitin Malam yana nan cikin ƙaramar hukumarku, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da na yara. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ba ta da nisa da titin Gidan Zoo. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yana nan. Ku karɓo takarda daga sashenku, ku je ku nemi izinin zama kuna kallo, ku nemi wani gwani ya yarda ya riƙa duba rahotanninku yana gyara muku. Ku sayi littafi mai kauri, ku riƙa rubuta kwanan wata da awa nawa kuka yi da irin matsalar da kuka gani da abin da aka yanke, ba tare da sunan yaro ba. Wanda zai iya, ya koyi maganar hannu ta kurame. Da farko kallo kawai za ku yi, sannan ku yi ana kallonku, sai daga baya a sake muku.

Maganar lokaci da kuɗi, kada ku ruɗi kanku. Shekara uku ita ce mafi ƙaranci a takarda, a zahiri takan wuce. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Tallafin TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, malamin firamare ko na sakandare sai ya nemi hutun ƙaro karatu daga hukumarsa ya kuma yi tanadi. Daga Tarauni zuwa sabuwar harabar Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo tafiya ce, kuɗin adaidaita sahu na mako-mako sai an sa shi a lissafi. Ku zauna da iyalanku ku faɗa musu gaskiyar abin da za a shiga, maigida ya ji daga bakin matarsa, uwargida ta ji daga bakin mijinta, tun kafin a fara. In karatu ya tsaya saboda wani dalili, ku mai da watannin nan na zaman koyon aiki.

Kafin ku sayi fom, ku taka ku je sashen da kuke nufi, ku nemi littafin da ke ɗauke da jerin kwasa-kwasan digiri na uku, ku karanta shi a natse. Ku tambaya ko ana barin ɗalibi ya zauna kwas a wani sashe, kamar na gwaji da awo ko na masu buƙata ta musamman, ko da ba za a sa masa maki ba. Ku tambayi wanne malami ne ke aiki da yara a zahiri, shi za ku roƙa ya duba muku kundi. Ku sami ɗalibai biyu da suka yi nisa ku ji daga bakinsu yadda seminar take tafiya, da tsawon lokacin da babi yake yi a hannun malami kafin ya dawo. Taken bincike kuwa ku dakata da shi, kada ku ɗaure kanku sai kun gama kwas ɗin awo da na ƙididdiga kun kuma yi ɗan zama a asibiti ko a Tudun Maliki.